Yadda ɗan Katsina zai yi binciken kawa da katantanwar bakin teku

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu cewa zan tafi Kalaba in yi shekara guda ina auna katantanwa, ajiye tsintsiyar hannunta ta yi ta dube ni, ta ce, "Duk karatun nan naka a kan dodon koɗi zai ƙare?" Ban ga laifinta ba. Ni kaina a lokacin ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin Zobe, aikin digirina na farko kuwa a kan karfasar Ajiwa na yi shi. Yanzu kusan kowace shekara sai ɗalibi ya same ni yana tambayar ko mutumin da ya tashi cikin rairayi zai iya binciken halittun gaɓar teku. Zai iya mana. Sai dai akwai abubuwan da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini kafin in hau mota a tashar Katsina.

Fara da tsayar da halitta guda da wuri guda. Gaɓar tekun Najeriya ta kai wajen kilomita 853, daga Badagiri har iyakar Kamaru, ba mai cinye ta a digiri ɗaya. Akwai kawa, halitta mai ɓawo biyu da ke manne wa saiwoyin mangurob, itatuwan nan masu tsayawa cikin ruwan gishiri da ƙafafu kamar na gizo-gizo. Sunanta na kimiyya Crassostrea tulipa, a tsofaffin takardu kuma za ka gan ta da sunan Crassostrea gasar, don haka ka nemi duka biyun. Akwai katantanwar laka mai tsini, Tympanotonus fuscatus, wadda Efik da Ibibiyo ke kira mfi suna zubawa a miya. Akwai mai ɓawo biyu ta Kogin Kuros, Galatea paradoxa, da ake nutso a ɗebo a wajajen Itu. Sai jatan lande, wanda busasshensa ke zuwa har kasuwanninmu. Ni katantanwar na ɗauka saboda ba ta gudu, kuma ba ta buƙatar jirgi mai inji kullum. Ɗalibin da aljihunsa ba nauyi, shawarar da zan ba shi ke nan.

Kafin ka tashi, ka samu malami a can wanda zai riƙe ka. Cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, tana Legas tun 1975, Jami'ar Kalaba ma ta daɗe tana koyar da ilimin teku. Wasiƙa daga sashenku zuwa ga wani malami takamaimai ta fi wadda aka rubuta wa "duk wanda abin ya shafa" sau goma. Masauki ba matsala ba ne: a Kalaba ka tambayi Bogobiri, nan za ka ji Hausa kamar kana Ƙofar Ƙaura, ga masallaci ga tuwo.

Yanzu ga babban karatun, wanda ba a dam ake koyonsa ba. Ruwan teku yana kawowa yana janyewa sau biyu a kowane dare da yini, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Katantanwa da kawa ba sa samuwa sai ruwa ya ja laka ta bayyana. A fitata ta biyu na isa bakin ruwa daidai lokacin da na isa kwana uku kafin nan, ina taƙama da cika alkawari, na tarar wurin da na kafa alamomina ya zama kogi. Mai kwale-kwale ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma ya karɓi kuɗinsa cif.

Abin da ya cece ni shi ne lissafin wata, wanda kowane ɗan Katsina ya tashi da shi. Wata ne ke jan ruwan. Idan ya tsaya, wato ɗaya ko biyu ga watan Musulunci, da kuma idan ya cika, wajen 15 zuwa 16, ruwa yakan cika sosai ya kuma janye sosai, laka ta buɗe da faɗi. Wajen 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23 kuwa motsinsa kaɗan ne, ba ka samun fili. Abokan karatuna sai sun buɗe waya su duba, ni kuwa kalandar masallaci ta ishe ni sanin makon fita. Ainihin sa'ar dai sai ka duba jadawalin cikowar ruwa, irin wanda rundunar sojan ruwa ke fitarwa, kuma na tashar da ta fi kusa da wurinka. Na Legas ba zai yi maka aiki a Kalaba ba, don a Legas tashin ruwan bai cika wuce mita 1 ba, a Kalaba kuwa yakan kai wajen mita 3. Ka isa awa biyu kafin ƙarshen janyewa, ka bi ruwan yana ja kana binsa. Da ka ga ya juyo, tattara kayanka. Yadda yake cika ƙananan magudanai ta bayan mutum ba a ba da labari.

Kada ka shiga laka kai kaɗai, kuma kada ka shiga ba izini. Ka fara gaida mai garin, ka kai ɗan abin gaisuwa yadda za ka kai wa Sarkin Ruwa a nan gida. Sannan ka nemi matan da ke tsintar, don wannan sana'a galibi a hannunsu take. Wata dattijuwa da nake kira Mama ita ta raba ni da takalmin roba mai tsawo da na saya da tsada. Taku na uku laka ta riƙe shi har gwiwa, na fito da ƙafa ɗaya tsirara. Ta nuna mini nata: tsohon kambas da aka ɗaure tam da tsumma, da safa mai kauri. Ɓawon kawa yana yanka kamar reza, don haka safar hannu ma dole ce. Ka biya su ladan yininsu, domin ranar da suka raka ka ba su tsinci na kasuwa ba.

Wajen ɗibar samfur ne ɗalibai suka fi yin ha'inci ba da niyya ba. Sai mutum ya je kasuwa ya sayi kwano biyu ya auna, ya ce ga girman katantanwar wurin. Ai masu tsinta manya suke zaɓa, wasu ma an riga an datse musu tsini don a ji daɗin tsotsa. Yi firam mai kusurwa huɗu da bututun roba na famfo, rabin mita kowane gefe. Ja igiya daga bakin ruwa zuwa cikin itatuwa, ka ajiye firam ɗin a tazarar da ka ƙayyade tun kana ɗaki, ko da ya faɗa inda babu komai. Sifili ma sakamako ne, rubuta shi. Kwashe duk abin da ke ciki har 'yan ƙanana, ka tace laka da rariya.

Sai ka duba kowane ɓawo da kyau. Wata rana na jera guda 60 a kan tire ina aunawa, sai na ga uku sun miƙe suna tafiya da sauri. Wata 'yar kaguwa ce ke shiga ɓawon da mai shi ya mutu ta mai da shi gida. Wanda bai lura ba zai ƙirga ta a matsayin katantanwa mai rai. Haka kuma katantanwar nan tana da kama biyu, mai ƙayoyi da mai ƙananan ƙuraje, ka ware su a rubutu tun farko.

Kayan awon ba su da yawa: kalifa mai nuna milimita don tsawo, sikeli mai nuna ɗigon giram, ma'aunin zafi, da 'yar na'urar auna gishiri da ake ɗiga wa ruwa a leƙa ta fuskar rana. Ka daidaita ta da tataccen ruwa kafin kowace fita. Ruwan tsakiyar teku yana da gishiri wajen kashi 35 cikin 1000, amma a bakin kogi da damina yakan sauka har ya kusa zama ruwan sha, kuma wannan hawa da saukar ne ke juya rayuwar kawa. A nan kuma ka ajiye kalandar gida gefe. Damunarmu wata huɗu ce, Yuni zuwa Satumba. A Kalaba ruwa na iya farawa tun Maris ya kai Nuwamba. Na taɓa ganin rubutun ɗalibin da ya sa Afrilu cikin rani, alhali a ranar da ya ɗebi samfurin ma jiƙe ya dawo.

Fita ɗaya a wata, wata 12 a jere, wuri ɗaya, hanya ɗaya. Manhajar FiSAT ta hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko TropFishR ga mai iya manhajar lissafi ta R, da jerin tsawon wata-wata suke lissafa saurin girma da yawan mutuwa da ko ana ɗiba fiye da kima. Idan ka tsallake wata biyu saboda bikin ƙanwarka, ramin zai fito a jadawali, kuma mai jarrabawa zai gan shi. Azumi ma zai same ka a ciki. Ni da watan ya zo, fitar farkon wata na zaɓa, na roƙi mai kwale-kwale muka yi ta safe.

Lakabin samfur da fensir ake rubuta shi, a kan takarda mai kauri, a jefa cikin kwalbar. Na rubuta na watan farko da biro a jikin roba, sinadarin adanawa ya zubo ya wanke rubutun tas, na zauna da kwalabe 9 ban san wacce ta fito daga ina ba. In kuma za ka auna gubar ƙarfe irin su dalma a naman, abin da ya dace a yankin da ake haƙar mai, to kada wuƙar ƙarfe ta taɓa shi, kada ya shiga sinadari. Ƙanƙara kawai, cikin leda mai tsabta. Kada kuma ka dogara da firjin ɗakin gwaji. Wuta ta taɓa ɗaukewa kwana uku, warin da ya tarbe ni a ƙofa har yau in na tuna sai na toshe hanci. Tun daga nan nake busar da nama a oben a zafin digiri 60 na Salshiyas a daren da na dawo, in auna, in rubuta.

Littafin fili kuwa ka ɗauki hoton kowane shafi kafin ka hau kwale-kwalen dawowa, ka tura wa wani a gida da zarar ka samu sabis. Nawa ƙanena nake tura wa a Rafindadi, har ya haddace sunan Tympanotonus yana tsokanata da shi. Da na gama na zo wa Hajiya da ɓawon kawa guda biyar in nuna mata abin da ya riƙe ni shekara. Ta jujjuya su, ta zaɓi mafi faɗin, ta ce wannan zai yi kankarar ƙanzo.