Darasi na Takwas: Yadda za a ƙara wa tsohuwar kwamfutar tebur ƙarfi da kuɗi kaɗan

Iyayena da yayyena, kwamfutar da ta fara nawa ba lallai ta mutu ba. Yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu, irin su Dell OptiPlex da HP, abu biyu ne ke sa su jan ƙafa: ƙarancin RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, da tsohon faifan ajiya. Duka biyun za ku iya sauyawa da hannunku. Abin da kuke bukata sukurudireba mai bakin tauraro, da buroshin fenti sabo, da 'yar roba ta zuba sukurori.

Mataki na farko: raba ta da wuta

Ku kashe kwamfutar. Sannan ku zare wayarta daga bango. Kashewa daban, zarewa daban. Ko an ɗauke wuta, ku zare, domin ana iya kawo ta hannunku na ciki. Bayan kun zare, ku danna maɓallin kunnawa ku riƙe, ku ƙirga ɗaya zuwa goma, don ragowar wutar da ke ciki ta fita. Daga nan ku taɓa ƙarfen jikin akwatin da tafin hannunku. Jikin mutum yana tara wata 'yar wuta, musamman da hunturu, ita ce wadda kuke ji tana yi muku tsit in kun taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wutar tana iya kashe RAM.

Mu sake: a kashe, a zare, a danna a riƙe, a taɓa ƙarfe. Ku faɗa da baki. Babu kunya a maimaitawa, nan ne kowa yake mantuwa.

Yanzu ku kwance murfin gefe, ku kwantar da akwatin, ku share ƙura da buroshi, musamman wajen fanka. Kada ku sa ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma.

Mataki na biyu: RAM

RAM kamar teburin mai shago ne: in ƙarami ne, sai ya sauke wannan kafin ya ɗora wancan, aiki ya yi ta jinkiri. A cikin akwatin za ku gan shi, ɗan siririn allo mai tsawon kusan ɗani guda, a tsaye cikin rami, da maƙalli a kowane gefe.

Kafin ku taɓa shi, kun zare waya? Ku duba bango da idonku. Ku danna ku riƙe, ku taɓa ƙarfe.

Ku buɗe maƙallan biyu, RAM zai ɗago. Ku kama shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa bakin nan mai ruwan zinare. A jikinsa akwai 'yar takarda. In kun ga DDR3 ko PC3, irinsa za ku saya. In DDR4 ne ko PC4, to shi. Ba sa shiga ramin juna, domin tsagar da ke bakin kowanne tana wuri daban. Wanda karatun bai zauna masa ba tukuna, ya naɗe RAM ɗin a takarda ya tafi da shi kasuwa, ko Titin Beirut ga mutanen Kano, ya ce irinsa yake so, na kwamfutar tebur, domin na laftof gajere ne. Na hannu ma yana aiki, amma a gwada a gabanku. Daga giga 2 ko 4 zuwa 8 ya wadatar. Windows akwai mai 32 akwai mai 64, ku tambayi mai gyara ko naku mai 64 ne, domin mai 32 ba ya amfana da abin da ya wuce giga 4.

Wajen mayarwa, ku daidaita tsagar da ɗan tudun da ke cikin ramin, ku danna gefe biyu har maƙallan su ce ƙas. In ya ƙi, a juye yake.

Zan faɗa da babbar murya: ina ganin wasu a aji suna cusa hannu waya na jone, suna cewa ai sun kashe. Haba jama'a! Kuɗin da kuka tara da gumi ne za ku ƙona saboda gaggawa. Sau nawa za a faɗa? A kashe, a zare, a danna a riƙe, a taɓa ƙarfe.

Mataki na uku: faifan ajiya

In kuɗi ya rage, ku sayi sabon irin faifan ajiya da ake kira SSD, mai bakin jonawa irin SATA, giga 240 ko 256. Shi ne ke sa kwamfuta ta tashi da sauri. Waya biyu yake ɗauka, siririya da mai faɗi, irin na tsohon faifan. Ku fara kwashe hotuna da takardunku a filashi. Sanya Windows kuwa ku kai wa mai gyara. A nan ma a zare waya tukuna.

Mataki na huɗu: batiri

In kwanan wata da agogo suna rikicewa duk lokacin da aka kunna, ku sauya ɗan batirin nan mai siffar kwabo da ke ciki. Lambarsa CR2032, masu gyaran agogo suna sayarwa. Gefen da ke da alamar + shi ne a sama.