Darasi na Tara: Yadda Ake Gane Ƙasar da Tattalin Arzikinta Ke da Lafiya

Kusan kowace rana gidajen rediyo suna karanta alƙaluma game da tattalin arziki, a ce na wata ƙasa ya haɓaka da kashi kaza, na wata kuma ya durƙushe, mai sauraro ya ji ya wuce ba tare da ya san abin da aka auna ba. Manufar wannan darasi ita ce ku iya sauraron irin waɗannan alƙaluma ku yi musu tambayoyin da suka dace. Abin da ya kamata ku riƙe tun daga farko shi ne haɓaka daban, ƙarko daban. Ƙasa tana iya bunƙasa shekara da shekaru alhali tana daf da rugujewa, kamar yadda mutum zai yi ƙiba ciwo na cinsa a ciki, shi ya sa likita ba ya sallamar majiyyaci don kawai ya ɗora shi a kan sikeli.

Ma'aunin farko, da iyakarsa

Adadin da aka fi ambata shi ne wanda ake kira GDP, wato ƙimar dukan kayayyaki da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa a tsawon shekara guda, tun daga amfanin gona har zuwa aikin malami da na direba. Masani Simon Kuznets ne ya aza harsashin wannan lissafi a rahoton da ya shirya wa majalisar dokokin Amurka a 1934, kuma shi da kansa ya yi gargaɗin cewa ba za a iya gane jin daɗin al'umma daga wannan adadi kaɗai ba.

Da zarar kun ji an ce GDP ya ƙaru, ku tambayi da nawa yawan jama'a ya ƙaru. Idan arziki ya ƙaru da kashi 3 cikin 100, jama'a ma suka ƙaru da kashi 3, to rabon kowane mutum bai motsa ba ko kaɗan. Sannan ku tuna cewa adadin ƙiyasi ne da ma'aikatan ƙididdiga suke haɗawa. A 2014 Nijeriya ta sabunta hanyar lissafinta, ta mayar da shekarar da take kwatance da ita daga 1990 zuwa 2010, sai adadin ya kusa ninkawa zuwa kimanin dala biliyan 510 a rana guda, alhali babu wanda ya wayi gari da ƙarin kuɗi a aljihunsa. Lissafin ne ya kamo sassan da a da ba a ƙirga su yadda ya kamata ba, irin su harkar wayar salula.

Hauhawar farashi

Ma'auni na biyu ya fi kusa da rayuwar kowa. Hukumar ƙididdiga takan zaɓi jerin kayan da iyalai suka saba saye, ta riƙa bin farashinsu wata-wata, ta faɗi da kashi nawa suka tashi idan aka kwatanta da bara. Manyan bankunan ƙasashe irin su Amurka da Ingila da na Tarayyar Turai suna ƙoƙarin riƙe hauhawar a wajen kashi 2 a shekara. Ga wata dabarar lissafi mai sauƙi: ku raba 70 da adadin hauhawar, amsar za ta nuna muku kimanin shekarun da farashi zai ninka. A kashi 10, shekara bakwai ke nan. A kashi 35 kuwa, shekara biyu kacal. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin idan aka ce hauhawa ta sauka daga kashi 30 zuwa 20, ba a ce kaya sun yi araha ba, an ce ne suna ci gaba da tsada amma da sassauci.

Idan gwamnati ta mayar da buga kuɗi hanyar biyan buƙatunta, abin yakan kai inda Zimbabuwe ta kai, har a farkon 2009 ta fitar da takardar kuɗi guda mai ɗauke da dala tiriliyan 100 ta ƙasar, kafin a wannan shekara ta haƙura da kuɗinta ta koma amfani da na ƙasashen waje.

Bashi, inda ya kamata a tsaya a duba da kyau

Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma haka abin yake ga ƙasashe, domin da wuya a sami gwamnatin da ba a binta. Hanyar da aka saba auna nauyinsa ita ce a kwatanta shi da GDP. Ƙasar da ke samar da arzikin biliyan 200 a shekara, ake binta biliyan 120, bashinta kashi 60 cikin 100 ke nan. Wannan kashi 60 shi ne iyakar da ƙasashen Turai suka gindaya wa kansu a yarjejeniyar Maastricht ta 1992, tare da sharaɗin kada giɓin kasafin kuɗi ya wuce kashi 3 na GDP.

Sai dai wanda ya tsaya a kan wannan adadi zai yi kuskure babba. Bashin gwamnatin Japan ya haura ninki biyu na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, amma ba ta kasa biya ba, alhali Sri Lanka, wadda nauyin bashinta wajen rabin na Japan ne kawai, ta dakatar da biyan masu binta na waje a watan Afrilun 2022. Bambancin yana cikin amsar tambayoyi uku. Da wane kuɗi aka ci bashin? Wa ke bin sa? Kuma nawa ne daga cikin kuɗin shigar gwamnati ke tafiya wajen biyan kuɗin ruwa? Japan ta ci bashinta da yen, kuɗin da babban bankinta ke bugawa, mafi yawan masu binta kuwa bankuna ne da kamfanonin cikin gida, har da shi babban bankin, kuma ta daɗe tana biyan ruwa kaɗan ƙwarai. Sri Lanka kuwa kaso mai yawa na bashinta dala ce, ita kuma ba ta buga dala, dole sai ta sayar da wani abu ga duniya kafin ta same ta.

Yana da kyau mu bi labarin Sri Lanka daki-daki, domin kusan duk alamomin da wannan darasi ke koyarwa sun bayyana a cikinsa tun kafin faɗuwar. A ƙarshen 2019 gwamnati ta zaftare haraji, har ta rage harajin saye daga kashi 15 zuwa 8, kuɗin shigarta suka ragu sosai. Annobar korona ta tsayar da masu yawon buɗe ido, waɗanda suke cikin manyan hanyoyin samun dala. Kuɗin ruwa kaɗai ya riƙa cinye fiye da rabin abin da gwamnati ke tarawa. Da masu ba da rance a kasuwannin duniya suka juya mata baya, sai ta riƙa ɗibar ajiyarta ta kuɗaɗen waje tana biyan tsofaffin basussuka, har ajiyar ta ƙare, aka rasa abin shigo da mai da magunguna. A watan Yulin 2022 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere daga ƙasar. A ganina, mai lura da ya riƙa duba adadi biyu kawai, wato abin da ya rage a ajiya da abin da ya wajaba a biya cikin shekara, da ya hango ƙarshen tun da sauran lokaci.

Ajiyar kuɗaɗen waje da darajar kuɗi

Tsohuwar ƙa'ida ita ce ajiyar babban banki ta isa biyan kayan da ƙasa ke shigowa da su na aƙalla wata uku. Daga baya aka ƙara wata, cewa ta isa biyan duk bashin waje da wa'adinsa zai cika cikin shekara guda, kuma rikicin Asiya ne ya koyar da wannan. Tailan ta shafe kusan shekara goma tana cikin ƙasashen da suka fi saurin haɓaka a duniya, ta ɗaure kuɗinta a kan kimanin baht 25 ga dala ɗaya, bankunanta da kamfanoninta suka yi ta cin bashin dala na gajeren wa'adi suna zubawa a gine-gine. Da masu kuɗi suka fara janyewa, babban banki ya ƙarar da ajiyarsa wajen kare darajar baht, ranar 2 ga Yulin 1997 ya sake shi, zuwa Janairun 1998 dala ɗaya ta haura baht 50. Wanda ake binsa dala miliyan ɗaya ya tarar bashinsa ya ninka a lissafin baht ba tare da ya ƙara cin ko sisi ba.

Bankuna, da gaskiyar alƙaluma

Wani lokaci gwamnati tana da tsabta a lissafinta, ciwon yana cikin bankuna. Iceland ba ta da bashin gwamnati mai nauyi, amma manyan bankunanta uku sun kumbura har dukiyarsu ta ninka arzikin ƙasar wajen sau tara ko goma, kuma dukansu suka faɗi cikin 'yan kwanaki a Oktoban 2008. Saboda haka masu bincike suke duba yawan rancen da bankuna suka bayar aka daina biya, da kuma jarin da suka tanada don ɗaukar asara.

Duk wannan awo ya dogara ne a kan alƙaluman gaskiya. A ƙarshen 2009 sabuwar gwamnatin Girka ta bayyana cewa giɓin kasafin ƙasar ya haura kashi 12 na GDP, fiye da ninki biyu na abin da aka faɗa a baya, daga bisani ma aka gano ya wuce kashi 15. Ramin ƙarya ƙurarre ne: masu ba da rance suka tsorata, a watan Mayun 2010 ƙasar ta karɓi agajin yuro biliyan 110 bisa tsauraran sharuɗɗa, arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya kai wajen kashi 27 a 2013.

Masu yin awon

Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda aka amince da kafa shi a taron Bretton Woods na 1944, yakan tura jami'ansa ƙasashe, galibi sau ɗaya a shekara, su duba littattafai su rubuta rahoto, kuma yawancin rahotannin ana samunsu kyauta a intanet. Akwai kuma kamfanoni uku masu ba ƙasashe maki a kan cancantar cin bashi, wato Moody's da S&P da Fitch, makin da ya fi kowane shi ne A uku a jere, kuma duk lokacin da suka rage wa ƙasa maki, ruwan da za ta biya yakan ƙaru. A saurare su, amma kada a ɗauki hukuncinsu kamar yankan wuƙa, domin su ne suka ba takardun bashin gidaje na Amurka maki mafi girma kafin rikicin tattalin arzikin duniya na 2008.

Aikin yi

Ku ɗauki ƙasashe biyu na misali. Ta farko tana samar da arzikin biliyan 100, ana binta biliyan 90 da kuɗinta na gida, kuɗin shigarta biliyan 30 ne, tana biyan ruwa biliyan 3. Ta biyu tana samar da biliyan 100, ana binta biliyan 45, kusan duka da dala, kuɗin shigarta biliyan 8 ne, tana biyan ruwa biliyan 4, ajiyarta kuwa ba za ta wuce wata biyu ba. Ku lissafa kashin bashin kowace idan aka kwatanta da arzikinta, sannan kashin kuɗin shigar da ruwa ke cinyewa. Bayan haka kowa ya rubuta jimla uku a kan wadda zai yarda ya ba rance, ya kawo su zama na gaba a karanta a gaban aji.