Darasi na Bakwai: Biyan Manomi Don Ya Jinkirta Yankan Ciyawa

A ƙasar Suwizalan, inda mafi yawan filayen noma na ciyawar kiwo ne, gwamnati ta fara biyan manoma kuɗi domin kula da muhalli a shekarar 1993. Daga 1999 kuma aka gindaya cewa duk mai son tallafin gwamnati sai ya keɓe aƙalla kashi 7 cikin ɗari na gonarsa domin furanni da ƙwari da tsuntsaye su samu wurin rayuwa.

Idan filin ciyawa manomi ya keɓe, ba zai zuba masa taki ba, kuma ba zai yi yankan fari ba sai ranar 15 ga Yuni a yankunan da ke shimfiɗe, a kan duwatsu kuwa sai watan Yuli. Dalilin jinkirin shi ne a bar furanni su zubar da iri, tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa kuma 'ya'yansu su tashi.

Wannan sharaɗi yana rage amfanin fili ta fuska biyu. Maƙwabcin da ke zuba taki yana iya yanka sau huɗu ko fiye a shekara, alhali shi mai yarjejeniya sau ɗaya ko biyu yake yi. Babbar asarar ma a ingancin ciyawar take, domin duk mai kiwo ya san cewa ciyawar da ta tsufa har ta yi iri karan nata ya yi tauri, abin gina jikin da ke cikinta ya ragu. Saniyar tatsa da aka dogara da ita a kan irin wannan ciyawa nononta zai ja baya, sai dai a saya mata ƙarin abinci. Shi ya sa manomi mai lura yake ba da ita ga karsana da dawaki da shanun da aka daina tatsa.

Saboda haka riba ko faɗuwa tana ga filin da aka zaɓa. A gangaren dutse, inda dama amfanin bai taka kara ya karya ba, kuɗin tallafin kan rufe giɓin. A fili mai albarka kuwa, abin da aka rasa yana iya zarce abin da aka karɓa. Don haka manoma suka fi miƙa filayensu marasa ƙarfi.

Aikin aji: Rubuta lissafin da manomi zai yi kafin ya sa hannu a irin wannan yarjejeniya.