Yadda Kirista Zai Ci Bashi Ko Ya Ba Da Rance Ba Tare Da Zumunci Ya Lalace Ba

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma duk wanda ya daɗe a cikin ikkilisiya ya san cewa shiga majami'a ba ta fitar da mutum daga wannan karin magana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin abinci da kuɗin mota da na taki suka yi tashin gwauron zabo, neman rance ya ƙaru a tsakanin 'yan'uwa, har ya zama da wuya a tashi daga sujadar Lahadi ba tare da wani ya ja wani gefe ya ce yana da 'yar magana ba. Littafi Mai Tsarki bai hana cin bashi ba, bai kuma hana bayarwa ba, amma ya yi magana a kansa fiye da yadda yawancinmu muke zato, kuma kusan duk inda ya taɓo shi, abin da ya fi damunsa shi ne yadda kuɗin yake sauya zaman da ke tsakanin wanda ya karɓa da wanda ya bayar.

Kafin ka buɗe baki ka roƙa

Karin Magana 22:7, wato littafin da masu riƙe da tsohuwar fassarar 1932 suka sani da sunan Misalai, ya kira mai cin bashi bawan wanda ya ba shi. A zamanin da aka rubuta wannan, maganar ba kwatanci ba ce kawai, domin a 2 Sarakuna 4 mun ga gwauruwar wani annabi tana kuka a gaban Elisha cewa mai bin mijinta bashi yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta maza biyu su zama bayinsa. Yau ba a kwasar 'ya'ya, amma wanda gabansa ya taɓa faɗuwa don wayarsa ta yi ƙara, ko ya taɓa sauya hanyar zuwa kasuwa don kada ya bi ta ƙofar wani shago, ya ɗanɗana wani abu daga cikin wannan bauta.

Saboda haka ka zauna da takarda da biro ka amsa wa kanka tambaya biyu: me zan yi da kuɗin, kuma daga ina zan biya? Yesu ya ce a Luka 14:28 mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci. Bashin buhun taki a farkon damina yana da inda za a biya shi, domin gonar da aka zuba shi ita za ta haifi kuɗin idan Allah ya ba da ruwa. Kuɗin asibiti da kuɗin makarantar yara a watan Satumba lalura ce da ba ta jira. Amma bashin ankon biki, da na ɗinkin Kirsimeti, da na ƙawata jana'iza don kada a ce iyalin mamaci sun gaza, a ganina yawancinsu bashin kunya ne, kuma kunyar da aka guda a Disamba takan dawo ninki biyu a Janairu. Idan amsar tambaya ta biyu ita ce kawai Allah zai tanada, to ka dakata. Gaskiya ne Allah mai tanadi ne, amma ba daidai ba ne ka ɗora bangaskiyarka a kan aljihun ɗan'uwanka ba tare da ya sani ba.

Kada magidanci ya ci bashi a ɓoye wa matarsa, haka ita ma kada ta ɓoye masa. Sau da yawa gwauruwa takan fara jin labarin bashin mijinta ne a zaman makoki, daga bakin mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Ka kuma dubi wurin wanda za ka karɓa. A karkara akwai masu ba da kuɗi ko hatsi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da sharaɗin a biya su da buhu a kaka, kuma idan aka yi lissafi sai a tarar manomi ya sayar da amfanin gonarsa da araha tun bai nuna ba. A birni kuma akwai manhajojin rance na waya, waɗanda suke ba da kuɗi cikin 'yan mintuna da ruwa mai yawa da wa'adi gajere, wasunsu kuma, idan rana ta wuce, sai su aika saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayar mutum, har da ta fastonsa da ta surukansa. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta ɗauki mataki a kan wasunsu a 2022. Adashen unguwa ko na Zumuntar Mata, ko ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aiki, duk da jinkirinsu, sun fi waɗannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan ka yanke shawarar roƙo, ka faɗi ranar da ka tabbata za ka iya biya, ko da ta yi nisa. Mutane da yawa sukan ce ƙarshen wata don kawai a ji daɗin ba su, alhali sun san sai bayan girbi. Alkawari kaya ne, kuma Matiyu 5:37 ya ce i ɗinmu ya zama i, a'a kuma ya zama a'a.

Idan kai aka zo wa

A nan ne Kirista mai tsoron Allah yakan shiga tsaka mai wuya. Matiyu 5:42 ya ce kada ka juya wa mai neman rance baya, Luka 6:35 ya ce a ba da rance ba tare da sa zuciya ga samun kome ba, amma 1 Timoti 5:8 ya yi kakkausar magana a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Hanyar da na ga tana haɗa waɗannan ayoyi ita ce mutum ya ba da abin da, idan bai dawo ba, gidansa ba zai kwana da yunwa ba, zuciyarsa kuma ba za ta cika da ƙiyayya ba. Idan an nemi naira 100,000 kai kuma abin da za ka iya rasawa 30,000 ne, ka ba da 30,000 ka faɗi gaskiya cewa iyakar ƙarfinka ke nan. Kuɗin hayar gida da na makarantar yaranka ba naka ba ne kai kaɗai, balle kuɗin baiko ko na wata ƙungiya da aka ba ka ajiya. Wannan ko kobo ba ka da ikon rantawa, komai tausayin da ka ji.

Ka yanke tun farko ko kyauta ce ko rance, ka kuma furta shi da baki. Da yawa daga cikin rigingimun da ke kaiwa gaban dattawan ikkilisiya daga nan suke tasowa: mai bayarwa ya ce karɓi wannan ka rage hanya, yana nufin rance, mai karɓa kuma ya tafi yana gode wa Allah da ya ba shi kyauta. Idan ba za ka bayar ba, ka ce a'a cikin ladabi a ranar. Karin Magana 3:28 ya hana mutum ya ce wa maƙwabcinsa ya je ya dawo gobe alhali abin yana hannunsa, kuma yawo da hankalin mabukaci har ya gaji ya daina zuwa ya fi ƙin bayarwa ciwo.

Game da kuɗin ruwa, Fitowa 22:25 da Littafin Firistoci 25:35-37 sun hana a ɗora shi a kan matalauci daga cikin jama'ar Allah, kuma a Nehemiya 5 mun ga yadda Nehemiya ya tsawata wa manyan Yahuda da suka karɓe gonaki da gidajen 'yan'uwansu a lokacin yunwa, har ya sa suka mayar. Wanda ya zo neman kuɗin magani ko na abinci, kada ka ci riba a kan hawayensa. Jarin kasuwanci kuwa wani abu ne dabam, kuna iya yarjejeniya a kan rabon riba, muddin an fayyace wanda zai ɗauki hasara idan ta zo.

Sai batun rubutu, wanda mutanenmu suke jin nauyinsa. Da zarar ka ɗauko takarda sai a ce, haba, ai mu 'yan'uwa ne cikin Almasihu. Amma manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Filimon, da ya ɗauki nauyin abin da Filimon yake bin bawansa Onisimus, ya ce da hannunsa ya rubuta cewa zai biya, Irmiya kuma da ya sayi gona a hannun ɗan kawunsa a Anatot, sai da ya rubuta takarda ya kira shaidu, kamar yadda sura ta 32 ta littafinsa ta nuna. Ku rubuta adadin, da ranar karɓa, da ranar biya, ku sa hannu, mutum ɗaya mai riƙon asiri ya shaida. Ko saƙon waya da ɗayan ya amsa ya fi babu. Takarda ba zargi ba ce. Mutum yana mantuwa, yana kuma mutuwa, magada kuma ba su san abin da aka yi a bayan majami'a ba.

Tsaya wa wani ya karɓi bashi, wato lamuni, shi ne wurin da Karin Magana ya fi ɗaga murya. Sura 22:26-27 ta tambayi dalilin da zai sa a ɗauke gadon da kake kwance a kai, sura 6:1-5 kuma ta ce wanda ya riga ya shiga ya hana idonsa barci har ya kuɓuta kamar barewa daga hannun maharbi. Sa hannu a takardar banki a matsayin mai tsaya wa wani daidai yake da cin bashin da kanka. Idan ba za ka iya biyan dukan kuɗin ba ranar da ya kasa, kada ka sa hannu, ko da shugaban mawaƙan cocinku ne.

Ranar biya ta wuce

Na taɓa ranta wa wani ɗan'uwa kuɗin taki, da alkawarin zai biya idan ya sayar da masara. Kaka ta zo ta wuce. Mutumin da shekara da shekaru muke zama a benci ɗaya sai ya koma can baya kusa da ƙofa, kuma kafin fasto ya gama sa albarka ya riga ya fice. Ni kuma, maimakon in je in same shi, sai na riƙa lura da shi daga nesa: na ga sabon takalmi a ƙafar ɗansa, na ga ya sa kuɗi a baikon godiya, ina ta lissafi a zuci har wa'azi ya daina shiga kunnena. Wata huɗu muka yi a haka. Ranar da na je gidansa da yamma, na tarar da shi a kan tabarma yana gyaran fartanya, bai iya ɗaga ido ba. Ashe rabin masarar ta tafi a jinyar mahaifiyarsa, takalmin kuma kyautar kawun yaron ne. Laifinsa shi ne ɓuya, nawa kuma shi ne na bar zato ya yi mini aikin da ƙafata ya kamata ta yi. Muka sake tsara biyan kashi huɗu, ya kuwa cika.

Idan kai ake bi, kada ka jira a neme ka. Tun kafin ranar ta cika ka je da ƙafarka ka faɗi halin da kake ciki, ka kai ɗan abin da ya samu ko da kashi ɗaya cikin goma ne, ka nemi sabon wa'adi. Zabura 37:21 ta ce mugu ne yake cin bashi ya ƙi biya, kuma a idon mai bin ka, abin da ke raba wanda ya kasa da wanda ya ƙi shi ne ko ya nuna fuskarsa. Ka lura da tsarin da Elisha ya ba gwauruwar nan bayan ɗan man da ke gidanta ya cika tukwane ta wurin mu'ujiza: ta sayar ta biya bashin tukuna, sannan ita da 'ya'yanta su ci saura. Idan kuɗi ya shigo hannunka, bashi ne a gaba da sabuwar waya.

Idan kai ke bi, Maimaitawar Shari'a 24:10-13 ta ba da wata ƙa'ida mai ban mamaki: mai ba da rance ba zai kutsa cikin gidan wanda yake bi ya ɗauko jingina ba, sai ya tsaya a waje a kawo masa, kuma idan mayafin matalauci ne, ya mayar masa kafin faɗuwar rana don ya sami abin rufa. Aya ta 6 ta hana karɓar dutsen niƙa, domin da shi ake ci. A yau wannan yana nufin kada ka karɓe keken ɗinkin tela ko babur ɗin ɗan acaɓa, kada ka yi masa tijara a gaban matarsa da 'ya'yansa, kada ka sa sunansa a zauren WhatsApp na ikkilisiya, kada kuma ka mai da maganar abin roƙon addu'a don kowa ya ji. Matiyu 18:15-17 ya tsara matakan: ka same shi ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai daga ƙarshe maganar ta kai ga ikkilisiya. Bulus kuma a 1 Korintiyawa 6 ya ga abin kunya ne 'yan'uwa su ja juna zuwa kotu kamar babu mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai sasanta su, don haka a gama da dattawa tukuna kafin a yi tunanin ofishin 'yan sanda.

Wani lokaci kuma za ka duba ka ga cewa mutumin nan ba shi da hanyar biya, ko ya mutu ya bar marayu. A misalin bawa marar tausayi a Matiyu 18, sarki ya yafe wa bawansa talanti 10,000, wato kuɗi mai ɗimbin yawa, shi kuma ya shaƙe abokin bautarsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙodago, saboda haka dinari 100 ya haura ladan wata uku. Yesu bai ce ƙaramin kuɗi ba ne, ya dai ajiye shi kusa da abin da aka yafe wa mai bin. Idan ka yanke shawarar yafewa, kada ka yi ta a zuci kawai ka bar ɗan'uwanka yana ci gaba da kauce maka. Ka kira shi tare da shaidan da ya sa hannu, ka gaya masa a fili cewa ka yafe, ka yaga takardar a gabansu, ka kuma sanar da matarka da manyan 'ya'yanka don kada wani ya tayar da maganar bayan ranka. In ya sake zuwa neman rance wata rana, kana da 'yancin ka ce masa wannan karon rance ba zai yiwu ba, sannan ka auna masa kwanon masara biyu ko uku kyauta ya kai gida.