Yadda Mai Nakasa Zai Haɗa Mataimaka Ya Riƙe Gidansa da Kansa

Idan aka sallami mai raunin laka ko mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, yawanci mutum ɗaya ake ɗora wa komai: uwa, ko mata, ko ƙanen da bai samu aiki ba. Kafin wata shida bayansa ya fara ciwo, barci ya ƙaurace masa, shi kuma mai lalurar ya koma jin nauyin roƙon ko da ruwan sha. Abin da ke hana haka shi ne a samu mutane da yawa, kowa da lokacinsa, kuma mai nakasar ne ubangidan aikin. A kan wannan fahimta wasu masu nakasa suka kafa cibiyar taimaka wa masu nakasa su tafiyar da rayuwarsu da kansu a Berkeley ta Amurka a 1972, kuma sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan masu nakasa, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ya ambaci samun mataimaki cikin haƙƙoƙinsu.

Kafin ka nemi kowa, ka samu littafi ka yi mako guda kana rubuta duk abin da aka yi maka da mintunan da ya ci: bayan gida, wanka, alwala, sa kaya, hawa keken guragu, girki, fita, juyi cikin dare. Mutane kan raina aikin safe, alhali ga mai raunin laka yakan cinye awa biyu zuwa uku. Idan lissafi ya ba ka awa 7 a yini, awa 49 ke nan a mako, ban da dare. Mutum ɗaya da ke yin awa 8 kwana shida ya tsaya a 48. Saboda haka kana buƙatar biyu na rana, biyu masu karɓa-karɓar kwana, da na biyar da za a kira in wani ya kasa zuwa. Wanda ba a iya barinsa shi kaɗai ko kaɗan, makonsa awa 168 ne, ƙasa da mutum huɗu ba za su ɗauke shi ba. In kuɗi bai kai ba, 'yan uwa su shiga jadawalin da sunansu da ranarsu kamar kowa. “Ai muna nan” ba jadawali ba ne.

Wurin nema: ɗaliban makarantun jinya da na kiwon lafiya, ƙungiyoyin masu nakasa, limamin unguwa ko fasto. Ka fifita wanda zai iso gidanka da ƙafa cikin minti ashirin, domin kuɗin mota ne ke fara kashe zuwan safe. Aikin tsiraici, namiji ga namiji, mace ga mace. Kada a ɗauki yaro ko almajiri. Ƙarfinsa bai kai ɗaga babba ba, kuma zalunci ne a ɗora masa. A karɓi kwafin katin ɗan ƙasa, a samu wanda zai tsaya masa, mai unguwa ya san da shi.

Kai za ka yi masa tambayoyi da bakinka, ko da wani na zaune a gefe. Ka lura da wanda yake kallo in yana ba da amsa. In ya riƙa juyawa wajen yayanka yana cewa “me yake so?”, ba naka ba ne. Ka faɗa masa aikin ƙarara, har da kashi da fitsari, don mai ƙyanƙyami ya janye tun yau. Sannan mako guda na gwaji, da biya.

Horo shi ne inda ba a gaggawa. Ka roƙi likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ko ma'aikaciyar jinya su nuna aikin a jikinka, a kan gadonka, kowane mataimaki ya maimaita har hannunsa ya faɗa. Wajen sauya wuri, a kawo keke dab da gado a ɗan karkace, a danne birki biyu, a kawar da matakin ƙafa, mataimaki ya lanƙwasa gwiwa bayansa a miƙe, ya riƙe ka ta ƙugu, a ƙirga uku a tashi tare. Ba a jan mutum ta hammata, kafaɗa ke gocewa, musamman ɓangaren da ya shanye.

Gyambon kwanciya kuwa daga ɗan wurin da launinsa ya sauya yake farawa, don nauyin jiki ya toshe jini tsakanin ƙashi da katifa. A juya ka duk awa biyu a gado, a keke kuma ka rage nauyi duk minti 15 zuwa 30. Safe da dare a duba ƙashin gindi, ɗuwawu, kwatangwalo da diddige. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai a nemi wurin da ya yi duhu, ko zafi, ko tauri. In an gani, kada a murza shi da mai, a ɗauke masa nauyi gaba ɗaya har ya koma daidai. Zanin gado mai tattara da ɓurɓushin abinci ma suna jawo shi.

Akwai wani haɗari da dole kowa a gidan ya haddace. Mai rauni daga gaɓar ƙashin baya da ke saitin ƙirji, wadda likitoci ke rubutawa T6, zuwa sama, jininsa na iya hauhawa farat ɗaya: matsanancin ciwon kai, gumi a fuska, toshewar hanci. Mafi yawan lokuta mafitsara ce ta cika ko robar fitsari ta lanƙwashe, wani lokaci bayan gida ne ya taru. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar, a sassauta kaya, a duba robar. In bai lafa ba cikin 'yan mintuna, sai asibiti. Irin waɗannan mutane jikinsu ba ya gumi a ƙasan raunin, don haka a zafin Maris zuwa Mayu a tanadi tsumma mai ruwa da fanka mai caji.

Littafi ɗaya ya zauna kusa da gado. Mai tashi ya rubuta maganin da aka sha, lokacin juyi na ƙarshe, yawan fitsari da launinsa, mai karɓa ya karanta kafin wancan ya fita. Minti goma sun isa.

Maganar kuɗi a rubuta ta, kowa ya sa hannu gaban shaida: awanni, ranar hutu, ranar biya, wa'adin sanarwa kafin barin aiki. Naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ma'auni ne mai kyau ga cikakken aiki. Jinkirin albashi ne ya fi komai tarwatsa irin wannan tsari. Wata guda kafin Sallah a zauna a raba wa zai yi tafiya, haka ma farkon damina in akwai mai gona, kuma a azumi a mayar da aiki mai nauyi sassafe. Lambar sirrin katin banki ta tsaya a wurinka, cefane kuma a dawo da lissafi.

'Yan uwa kan fara aiken mataimaki kasuwa ko su ba shi wankin gida, sai ka neme shi ka rasa. Ka tsayar da wannan tun makon farko, cikin ladabi: umarni daga wurinka yake fitowa. Shi ma mataimakin ya san abin da ya gani a ɗakinka amana ne. Makara da mantuwa ana gyara su da magana a keɓe. Duka, tsawa, sata, ko barin ka cikin ƙazanta da gangan, sallama ce a ranar, a karɓi makulli, a kira na biyar ɗin. Shi ya sa ake ba shi aiki aƙalla yini biyu a wata, don hannunsa kada ya manta jikinka.