Yadda zakai hutu ba tare da ofis ya biyo ka cikin waya ba

Wai mutum ya ɗauki hutu, ya sha zaman mota tun daga Abuja ko Legas har ya iso gida, amma in ka leƙa zaure sai ka same shi kai a sunkuye yana amsa saƙon oga, tsohuwa na ta yi masa hira yana "uhm, uhm" bai ma san me tace ba. Wannan ai ba hutu bane, ofis ne kawai ya canja unguwa. Kuma masu cewa "ni dai ina isa zan kashe wayata" yawanci basa kai la'asar ɗin ranar farko sun kunna, don hankalinsu na kan aikin da suka baro a buɗe. Toh daga nan ya kamata a fara, tun kana wurin aikin.

Kamar sati guda kafin tafiya ka zauna da biro da takarda ka rubuta duk abinda ke hannunka, wanne ka gama, wanne ya tsaya, a ina ya tsaya, wa ake jira. Wanda zai ƙaru kafin ka tafi ka ƙarasa shi, wanda bazai ƙaru ba ka damƙa wa mutum ɗaya, ɗaya tak, kar ka raba wa mutum uku kowa ya zata ɗan uwansa ne zai yi. Ku zauna tare ka nuna masa inda fayil yake, makullin durowa, lambar mutumin da ake bi takarda a wurinsa, har da halin mutumin in mai wuyar sha'ani ne. Mafi yawan kiran da ke ɓata wa mutum hutu ba wani abin tashin hankali bane, "dan Allah ina ka ajiye kaza" ne.

Sai oga. Nan ne wurin da muke jin nauyi, don a tarbiyyarmu babba ya kira ka kana kallon wayar tana ruri ka ƙi ɗagawa abu ne mai wuya, ko ka daure ka ƙi ɗauka ranar gaba ɗaya bazaka samu natsuwa ba. Shi yasa gara ka same shi ido da ido tun kafin ka tafi, ba ta saƙo ba. Kace ranka ya daɗe zan tafi ranar Alhamis in Allah ya yarda, aikin kaza na hannun wane, na nuna masa komai, in wani abu ya taso wanda bazai jira ba ga lambar da za'a same ni. Ka ga baka yi rashin kunya ba, kuma ka gaya masa a fakaice cewa ƙananan abubuwa su jira. A Faransa tun Janairun 2017 doka ta sa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tsara da ma'aikatansu yadda za'a bar mutum ya huta da saƙonnin aiki bayan an tashi, Ostireliya ma tayi tata a 2024. Mu nan Najeriya dokar ƙwadago ta baka aƙalla kwana 6 na aiki a matsayin hutu da albashinka in ka cika wata 12 kana aiki, amma batun kar a dame ka da kira, da bakinka zaka nema.

Ɗan kasuwa kuwa nashi yafi na ma'aikaci zafi wlh, don shi ba oga ke kiransa ba, yaron shago ne, kuma duk bayan minti kaɗan: Alhaji nawa za'a bar wannan, Alhaji wane yazo wai a bashi kwali biyu zai kawo kuɗin jibi. Maganin wannan littafi ne. Rubuta farashin kowane kaya da inda in an sauka ƙasa da shi ba'a sayarwa, rubuta sunayen waɗanda ka yarda a basu bashi da iyakar abinda za'a basu, duk wanda babu sunansa ace masa maigida baya nan sai ya dawo, shikenan. Sannan ku tsayar da lokaci ɗaya, misali bayan an rufe shago, ya kira ka ya baka lissafin ranar a minti biyar. In baka iya barin yaron da shago na kwana huɗu ba sai da waya a kunne, to gaskiya matsalarka ta wuce ta hutu, amma wannan wani zancen ne daban.

Yanzu wayar kanta. Ni ban yarda da kashe waya ƙaf ba, a wurinmu bazai yiwu ba, ana iya yin rasuwa ko haihuwa, ko wani ya taso daga nesa takanas don ya gaishe ka yana neman kwatance. Abinda yafi shine ka raba layi. Layin da 'yan gida da makusanta suka sani ka sa shi a ƙaramar waya, 'yar rakani-kashin nan mai tocila da cajinta ke kwana da kwanaki, ita zaka riƙa yawo da ita. Babbar wayar mai layin ofis da WhatsApp da imel ta zauna a jaka. In kana tunanin to ya zanyi da tura kuɗi, ai lambobin banki na aiki a ƙaramar waya ba sai da data ba, *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, *966# na Zenith, ka gwada naka tun kana gari ka tabbatar layin da ke ƙaramar wayar shine wanda ka yi rajistar asusun dashi. Goron sallar yara da kuɗin cefane duk zasu fita.

In kuma so kake kiran layin aiki ya riƙa zuwa wurin wanda ka bar wa aikin, danna **21* sai lambarsa sai # ka kira, in ka dawo ##21# zai cire. Amma da saninsa fa, kuma ka sani katinka ne zai riƙa ci.

Wanda bashi da waya biyu shima akwai dabara. Guruf ɗin ofis ka rufe masa baki, WhatsApp na baka zaɓin awa 8 ko sati guda ko har abada, sannan ka tura shi Archive don ya ɓace daga idonka, saboda ko shiru yake in kana ganin koren lambar nan tana hawa 47, 48, sai ka leƙa. Kashe shuɗin alamar da ke nuna ka karanta saƙo, sai dai ka sani wannan baya aiki a guruf, can duk wanda ya duba zai ga ka buɗe. Masu WhatsApp Business akwai saƙon da ke fita da kansa, rubuta gajere: ina hutu sai ranar kaza, in da gaggawa a nemi wane. Imel ɗin ofis kuwa ni shawarata ka cire shi daga wayar kawai, mayar dashi ba wuya. Facebook da TikTok ka sa musu iyaka, a Android wurin sunansa Digital Wellbeing, a iPhone kuma Screen Time, kace minti 20 a rana in ya cika su rufe. Gaskiya wannan ƙofa ce da makullinta ke aljihunka, mai son buɗewa zai buɗe, shi yasa ajiye wayar nesa yafi duk wani saiti.

Ka ware lokaci ɗaya a rana na duba babbar wayar, ni na fi son bayan isha'i ko da hantsi bayan karin kumallo, rabin awa ya isa, kuma kar ka amsa abinda ba'a tambaye ka kai tsaye ba, don kana sa baki sau ɗaya a guruf kowa zai ce a'a ashe yana kusa. Da dare kar ta kwana a gefen matashinka, bar ta a falo tana caji ko ka ba uwargida ta ajiye. Kwana ɗaya biyun farko hannunka zai riƙa zuwa aljihu da kansa, har ka ji kamar tana girgiza alhali ma bata jikinka, wannan ba komai bane yana wucewa, amma sai in ka samar wa kanka abin yi. Je ka gaida gwaggo da ka shekara baka taka gidanta ba, bi ƙaninka gona, in sallah ce kana Kano fita kallon hawan Daushe da idonka. In Yankari kuka je da iyali ka shiga ruwan Wikki da yaran mana, ba ka tsaya a bakin ruwa kana ɗaga waya sama kana neman sabis ba.

Hotuna kuma ɗauki abinka amma ka bari sai ka dawo ka ɗora. Kana sa sitatus ka gaya wa duniya datarka a kunne take, wanda ka ƙi amsa wa saƙo tun safe yana gani, ga kuma sanar da kowa cewa gidanka ba kowa.

Wajen dawowa, in zai yiwu ka iso gari da kwana ɗaya kafin ranar komawa aiki kuma kar ka sanar. Ranar ka buɗe saƙonnin daga na ƙarshe kana yin baya, zaka tarar da yawansu an riga an warware ba tare da kai ba, sai ka kira wanda ya riƙe maka aikin ya baka labarin sauran, kar ka manta da tsarabarsa ko da kilishi ne, don in nashi hutun yazo kai zai bar wa.