Yadda Ake Amfani da Na'urorin da ke Faɗakar da Iyaye Idan Yaro Ya Faɗa Ruwa ko Numfashinsa Ya Tsaya

Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu. Bakinsa yana nutsewa yana fitowa, ɗan numfashin da yake samu bai isa ya kira kowa ba, shi ya sa uwa za ta iya zama tana tsince shinkafa a bakin madafa, bahon wanki yana bayanta, ba ta ji komai ba. Ɗan shekara ɗaya kansa yana da girma da nauyi idan aka kwatanta da ƙaramin jikinsa. Idan ya leƙa bokiti ya tuntsura, ba zai iya ɗagowa ba, kuma ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba ya isa ya toshe masa hanci da baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu a ruwa a shekarar 2021, kusan ɗaya cikin huɗu daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. Aikin waɗannan na'urori ɗaya ne: su kira ku kafin wannan ɗan lokacin ya ƙare. Ba su fitar da yaro daga ruwa, ba su kuma mayar masa da numfashi.

Ku fara da zaɓe bisa shekarun yaron

Yaron da ya fara rarrafe ko tafiya, wanda bai kamata ya kusanci ruwa ba ko kaɗan, munduwa ce ta dace da shi, irin wadda ake ɗaurawa a hannu, da ta nutse a ruwa sai wani akwati da ke cikin gida ya fara ƙara nan take. Safety Turtle ita ce sananniya a wannan fanni.

Yaron da ke koyon iyo kuwa wannan ba za ta yi masa ba, don da ya shiga ruwa za ta fara kuka. Nasa nau'in daban ne, ana sa shi a goshi ko a wuya, yana ƙirga daƙiƙun da kai ya yi a ƙarƙashin ruwa. Yawancinsu sun dogara ne da wani abu mai sauƙi: siginar rediyo ba ta ratsa ruwa sosai, to idan sigina ta ɓace fiye da lokacin da aka saita, sai ƙararrawa ta tashi. Ga ɗan koyo ku saita mafi gajeren lokacin da na'urar ta yarda da shi.

Jarirai na da nau'i biyu: wadda ake maƙalawa a bakin famfas tana jin motsin ciki, da safa mai auna bugun zuciya da yawan iskar oksijin a jini.

Haɗa munduwar ruwa

Da farko ku zagaye gidan ku ƙirga wuraren ruwa: rijiya, randa, bokitan banɗaki, bahon wanki, tankin ƙasa, ramin sokawe da murfinsa ya tsage, kwata mai zurfi, da ramin da masu bulo suka bari a fili na kusa wanda damina ke mayarwa kududdufi. Akwatin ƙararrawa ana ajiye shi ne a inda mai kula da yaron ta fi zama, amma kuma a wurin da zai iya karɓar sigina daga duk waɗannan wurare. Masu ƙera na'urar sukan rubuta tazarar da ta kai mita 60, sai dai wannan lissafin fili ne. Katangar siminti, ƙofar ƙarfe da rufin kwano duk suna rage ta.

Don haka kada ku yarda da abin da aka rubuta a kwali sai kun gwada. Mutum ɗaya ya ɗauki munduwar da kofin ruwa, ya je bakin kowane wuri ya tsoma ta, ɗaya kuma ya tsaya a madafa, sannan a ɗaki, sannan a zaure, ya saurara. Ku sake gwajin janareta yana aiki, rediyo a kunne, ana daka. Ƙararrawar da ba a ji ta lokacin da gida ke cike da hayaniya ba ta da amfani, kuma a irin wannan lokacin ne hankali ya fi ɗaukewa daga kan yara, musamman ranar suna ko biki da kowa ke zaton wani ne ke riƙe da yaron.

Wajen ɗaurawa, ku matse ta yadda ƙaramin yatsa zai shiga tsakanin maɗaurin da fata, amma ba za ta zame ta tafin hannu ba. Ku kulle ta da ɗan makullin da ke zuwa da ita, domin ɗan shekara biyu ya iya kwance duk abin da ya dame shi. Ku duba fatar wurin kullum, zufa da datti na taruwa a ƙarƙashi su haifar da ƙuraje.

Abin da ya fi kashe amfanin wannan na'ura shi ne wanka. Ana cire ta a yi wa yaro wanka, a shafa masa mai, a sa masa riga, a manta da ita a kan taga. Ko kuma ƙarar ta dami mutane saboda yaron yana yawan tsoma hannu a buta, sai wani ya zare akwatin daga wuta ya ce sai an jima. Ku mayar da ɗaura ta wani ɓangare na sa tufafi, kuma kada kowa ya kashe ƙararrawar sai ya ga yaron da idonsa. Akwatin yana buƙatar wuta, saboda haka ku haɗa shi da batirin ajiya ko sola, in ba haka ba duk lokacin da aka ɗauke wuta yaron yana yawo ne da abin ado kawai. Batirin wasu munduwoyin a rufe yake, ba a canza shi, sai dai a sayi sabuwa. Gwaji sau ɗaya a mako, misali kowace Juma'a da safe, shi ne zai nuna muku ya mutu. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi kashe sigina, don haka ba a dogara da ita a bakin teku.

Na'urar da ake maƙalawa a cikin jariri

Snuza Hero, ta wani kamfanin Afirka ta Kudu, misali ce mai kyau ta yadda wannan nau'in ke aiki. Idan ta yi daƙiƙa 15 ba ta ji motsin ciki ba, sai ta yi rawa don ta farkar da jaririn. Idan aka ƙara daƙiƙa 5 shiru, sai ta yi ƙara.

Ku naɗe bakin famfas ɗin sau ɗaya ya yi kauri, ku tura maƙalin har ƙarshe, ku tabbata bakin robar mai laushi yana taɓa fatar ciki kusa da cibiya. Sai cibiya ta warke sarai ake fara sa ta. Ku kunna bayan kun kwantar da shi, ku tsaya ku ga fitilar tana ƙyaftawa tare da kowane numfashi. Yawancin ƙarar banza daga famfas ne da ya yi sako-sako ko ya jiƙe ya yi nauyi ya ja na'urar ƙasa.

Ga inda ya kamata iyaye su natsu sosai. Na'urar motsi take ji, ba ta san na wane ne ba. Idan jariri yana kwance jikin mahaifiyarsa a katifa ɗaya, numfashinta da juyinta na iya sa na'urar ta ɗauka yaron ne ke numfashi alhali ya tsaya. Haka a goye, haka a mota ko Keke Napep. A gidajen da uwa da jariri ke kwana a shimfiɗa ɗaya, wanda shi ne abin da aka saba a wurinmu, sayen wannan na'ura ba tare da ware wa jariri gadonsa ba asarar kuɗi ce mai haɗari, don tana sa a saki jiki. Akwai kuma wata matsalar: idan filo ko bargo ne ya toshe hanci, ciki yana iya ci gaba da motsi na ɗan lokaci yana kokawar jan iska, sai ƙarar ta zo a makare.

Safa mai auna iska

A cikin safar akwai 'yar fitila mai haska jan haske ta cikin naman ƙafa, da ɗan ido mai karanta hasken da ya dawo, irin abin da ake maƙala wa majinyaci a yatsa a asibiti. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanin Owlet a 2021 kan sayar da safarsa ba tare da izini ba, sannan a 2023 ta amince da samfurin Dream Sock don jarirai masu lafiya 'yan wata 1 zuwa 18. Wannan bambancin yana da muhimmanci: a wani gwaji da aka yi wa jarirai 30 a asibitin yara na Filadelfiya, aka wallafa a 2018, ɗaya daga cikin safa biyu da aka gwada ba ta gano raguwar iska ba ko sau ɗaya. Kada ku sayi marar suna don arha.

Ku zaɓi girman safa bisa nauyin jaririn, ku daidaita idon a gefen ƙafa bayan ƙaramin yatsa, ƙafar a bushe ba mai. Ku riƙa sauya ƙafa don kada fata ta yi ja. Ƙafa mai sanyi jini ba ya gudana sosai a cikinta, shi ya sa ƙarar banza ke yawaita da hunturu. Ku ɗora safa ta yau da kullum a sama don ƙafar ta yi ɗumi. Wutsil-wutsil da ƙafa ma yana rikita awo. An kuma gano cewa irin wannan awo da haske yana iya nuna iska ta fi yadda take a masu duhun fata. Idan lamba ta ce lafiya amma leɓɓa da dasashi da harshe sun koma toka-toka ko shuɗi, ko haƙarƙari yana lotsawa wajen numfashi, ku bi abin da idonku ya gani ku tafi asibiti.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a dogara da waɗannan na'urori don hana mutuwar fuju'a ta jarirai a barci. Abin da aka tabbatar yana rage ta shi ne kwanciya rigingine, a katifa mai tauri a miƙe, ba filo, ba tarin zannuwa, a gadonsa shi kaɗai amma a ɗakin mahaifiyarsa, nesa da hayaƙin taba. Ku soke gidan sauro sosai a ƙarƙashin katifa don kada ya faɗo masa a fuska.

Idan ƙararrawa ta tashi

Idan ta ruwa ce, ku nufi wurin ruwa mafi haɗari tukuna, ba ɗaki ba. Ku ciro yaron, ku kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ku kira sunansa ku taɓa shi. Ku kalli ƙirjinsa na daƙiƙa 10, kada ku wuce haka. Wani ya kira 112 ko ya nemo abin hawa.

Idan ba ya numfashi, ku ɗaga haɓarsa kaɗan ku hura masa iska sau 5, kowace kamar daƙiƙa ɗaya, daidai yadda ƙirji zai ɗaga. Ga jariri bakinku ya rufe hancinsa da bakinsa tare. Sai ku danna tsakiyar ƙirji sau 30, ku hura sau 2, ku yi ta maimaitawa. Ga jariri ana rungume ƙirjin da hannu biyu a danna da manyan yatsu, ga babban yaro da dunduniyar hannu ɗaya. Zurfin dannawar kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirji, saurinta 100 zuwa 120 a minti. Kada a riƙe shi ta ƙafa a zazzage, kada a matse masa ciki wai ruwa ya fito. Lokaci yake ci, kuma yana janyo amai ya koma huhu. Wannan aiki da hannu ake koyonsa, ku nemi ma'aikacin jinya ko 'yan Red Cross su nuna wa duk wanda ake bar wa yaron, har da kaka da 'yar raino.

Yaron da aka ciro daga ruwa yana tari, ko aka hura masa iska ya farfaɗo, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana wasa, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya dagula numfashi bayan wasu awanni.